Akawunt ɗin da ba wanda ya ce nasa ne

Shekarar da na gama sakandare na samu aiki a ɗakin kwamfuta na wata makarantar Islamiyya a unguwar Dichemso. Kwamfutoci shida ne, kuma kowane malami ya buɗe akawunt a wadda ya ga dama. Hedimasta ya ce a mayar da kowa kan rajista ɗaya a babbar kwamfutar ofis, mutum ya shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya ko a ina ya zauna. Aikina shi ne in kwashe fayilolin kowa zuwa sabon akawunt ɗinsa, sannan in goge tsofaffin.

Ni ba ni da haƙuri, har gobe. Na shiga ɗakin malamai da takarda ina kiran sunaye kamar mai kiran fasinja a tashar Sofoline. Kowa ya amsa nasa, saura ɗaya, sunan namiji a kwamfutar da ke jikin taga. Sau uku na kira shi, shiru.

"To, ranar Juma'a zan goge shi," na ce. "Kada wani ya zo min da kuka."

Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga Malamar ajin ƙanana, dattijuwar da kowa ke kira Mma. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"'Yata, wancan da kika ce za ki goge."

"Wanne, Mma? Faɗi sunan."

"Na yaron nan."

"Mma, yara ɗari uku ne a makarantar nan. Wane yaro?"

Ta sunkuyar da kai. Har na buɗe baki zan ƙara magana, sai na tuna kakata, wadda har ta rasu ban taɓa jin ta kira sunan babana ba, don shi ne ɗanta na fari. Kunya ta rufe ni. Sau uku na yi ta ƙwala sunan ɗanta a gabanta, ina jiran ta ɗaga hannu.

Na juyo mata da fuskar kwamfutar. "Nuna min da yatsa."

Ta nuna. Ta ce ɗan nata ya koyar da lissafi a nan kafin zuwana, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Shi ya buɗe akawunt ɗin, ya koya mata shiga. Takardun jarrabawar ajinta na ciki, da muryarsa yana karanta gajerun surori don yaranta. Kullum da sunansa take shiga, don yatsa ba baki ba ne, in ji ta.

Na kwashe komai zuwa sabon akawunt ɗinta, na ƙirga fayilolin nan da can har sau biyu, abin da ban yi wa ko hedimasta ba. Na ce ta shiga da kanta. Ta daɗe tana neman haruffan sunanta, don ba ta saba da su ba.

"Foldar da fayilolin ke ciki fa, wane suna zan sa mata?" na tambaye ta.

"Bar shi yadda ya rubuta."

Na bari. Na danna fayil ɗaya don in tabbatar ya taho lafiya, muryar ta fito, siririya, yana ja a hankali saboda yara. Mma ta jawo kujera ta zauna.

"Ya yi, Mma. Ya taho."

"Ke dai da sauri," ta ce. "Bari ya kai ƙarshen surar."