Fasfon Alhaji Sabo

Muna fitowa daga Masallacin Huaisheng, a nan ƙasar wajen da muke fatauci, ranar Juma'a, ina laluben takalmina, sai Malam Isiya tafinta ya kama hannuna ya ce, "Ɗanlami, Alhaji Sabo ya cika a gidan yari." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa.

Alhaji Sabo ɗan kasuwar jakunkuna ne, shi ya fara kai yawancinmu garin Shiling, inda ake sarin jakunkuna. Yakan ce, "In mai shago ya ce babu, zauna ka sha shayinsa tukuna." Gab da wasannin Olamfik aka tsananta kan biza, takardun da yawanmu suka mutu, nasa kuwa garau. Shagon intanet ba a ba ka kwamfuta sai da fasfo, masu shagon kuma ba sa bambance fuskokinmu. Sai fasfonsa ya zama na kowa. Kana roƙa zai zaro ya ce, "Ungo, ɗana, ka dawo da shi kafin la'asar." Ni ma na ara, ba sau ɗaya ba.

Wani a cikinmu, har yau ban san ko wane ne ba, ya zauna da wannan fasfon ya yi sojan gona da sunan wani kamfani, ya damfari mutane. 'Yan sanda suka bi suna, suka ɗauke Alhaji. Aka ce ya faɗi masu ara, ya ƙi. Ya ce wa Malam Isiya, "In na buɗe baki, yara nawa za a kwashe?" Mu kuwa, yaran, muka yi gum.

Gidan yarin ya cika maƙil da masu irin wannan laifi, ganin likita sai an bi dogon layi, ga Alhaji da ciwon suga. Ban taɓa ziyartarsa ba, don tsoron a tambayi takarduna. Wallahi kunya nake ji.

Jiya na kira Hajiya, matarsa, a Kano don ta'aziyya. Ta ce, "Ɗanlami, a unguwa ana ce wa yarana 'ya'yan ɗan damfara. Kai da ka zauna da shi, gaya min, ya aikata?" Na ce bai aikata ba. Ta ce, "To wa ya yi?"

Allah ya jiƙan Alhaji, ya haskaka kabarinsa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya ba Hajiya haƙuri, ya raya marayunsa. Wanda ya aikata kuma, Allah ya hana shi sukuni har sai ya fito ya wanke sunan ubansu.