Kukan Birkin Motar Baba

Motar babanmu ba ta iya shiga unguwa a ɓoye ba. Tun daga kwanar masallaci, inda hanya ke gangarowa gidanmu, da ya taka birki sai ta saki wani siririn kuka mai kashe haƙori, har kajin maƙwabta su watse. Da kukan nan duk gidan ke aiki. Ƙannena mata su rage rediyo, mai ɗankwali a wuya ta mayar da shi ka. Inna kuwa, wadda yanar ido ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana, da ta ji shi sai ta sauke numfashi ta ce a cika buta a kai zaure. Da shi take sanin mijinta ya dawo lafiya daga Ƙonni ko Tozai, inda yake zuwa sarin wake da albasa.

Ni kukan bai taɓa burge ni ba. A Sakkwato nake aiki, na zo gida hutun ƙarshen mako, Baba ya ɗauko ni daga tasha. Abin da na ji a hanya ya wuce kuka, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Tsoro ya kama ni sosai, don na san yadda yake loda wa motar nan buhuna kamar yana jin haushinta.

Washegari da hantsi na sayo sabbin takalman birki, 'yan falan-falan ɗin nan da ke damƙe faifan taya idan an taka. Na tokare tayoyin baya da duwatsu, na sassauta notuna, na ɗaga gaban da jak. Baba ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya naɗa kansa shugaban aiki, mutumin da ko taya bai taɓa kwancewa da hannunsa ba.

"Na Ƙonni sun hi ƙarko," ya ce, yana juya kwalin. "Wanga na 'yan boko na."

A lokacin wani noti da ya yi tsatsa ya riga ya ɗauke mini fatar yatsa. Na cire tayar, na kwance maƙallin da ke riƙe da takalman, na zaro tsofaffin. Babu abin da ya rage a jikinsu sai ƙarfe zalla, ya yi sumul yana sheƙi.

Ana haka Inna ta lallaɓo bakin zaure tana dafa bango. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai, mi kaka yi ma motag ga?"

"Birki nika gyarawa, Inna. Kukan ga zai daina."

"Kukanta ya taɓa hana ta tahiya?"

Na san abin da take karewa, ita ma ta san na sani. Sai na goge tsohon takalmin a wandona na sa mata a tafin hannu. Ta shafa shi da babban yatsa, gaba da baya, ta gwada kaurinsa.

"Wanga ɗan abin shi ka tsai da mota?"

"Shi na, Inna."

Can ta miƙo mini. "To, sa sabon," ta ce, ta juya ciki.

Sauran aikin bai ba ni wuya ba. Na tura fistin, ƙarfen da ke matse takalman, ya koma raminsa, na zura sabbin, na ɗaure, na yi wa ɗaya ɓangaren haka. Kafin in wanke hannu Baba ya faɗa mota zai gwada. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta. Ya leƙo ta taga yana sanar da unguwa cewa na kashe masa mota. Allah ya so duwatsun na nan. Na ce ya yi ta takawa yana saki. Da birkin ya yi tauri sai ya gyara hula ya ce dama haka ya yi niyyar yi.

Ranar kasuwa ya fita da sassafe. La'asar ta yi, ta sakale, ba Baba. Muna tsakar gida, 'yan mata sun ƙure rediyo, Inna na kan tabarma da carbi, ta karkata kunne wajen ƙofa. An kawo mata fura ta ce a ajiye. Sai gab da magariba muka ji sallamarsa, a fusace. Ashe tun tuni ya dawo, yana zaune a ƙofar gida yana jiran butar da ba ta zo ba.

"Gidan ga babu mutane?"

Rediyo ya mutu nan take. Inna ta ɗago kai wajen muryarsa.

"Alhaji, ban ji ka ba," ta ce.

Ya dubi furar da ba a taɓa ba, ya dube ta. Faɗan da ya shigo da shi bai fito ba. Ni kuwa tausayinta ya cika ni, na rasa inda zan sa idona.

Baba ya tsani hon. Cewa yake aikin 'yan kabu-kabu ne da marasa tarbiyya. Kafin in koma Sakkwato na raka shi Gidan Katta duba albasa. Da muka dawo, daidai kwanar masallaci, motar na gangarowa shiru abinta, sai ya ɗora hannu ya danna hon, dogo, har kajin maƙwabta suka tuna da aikinsu.

Na dube shi.

"Akuya ta," ya ce, idonsa na kan hanya.

Na duba gabas, na duba yamma, ko bunsuru ban gani ba. Da muka tsaya, butar na bakin zaure, cike da ruwa.