Kumatun Nirmin

Ranar da aka haifi Nirmin a unguwar Muharram Bey, ungozoma ta ɗaga ta sama ta ce wannan yarinya kumatu ne suka fara isowa duniya, sauran jikin ya biyo baya. Uwarta Ni'imat ba ta taɓa gajiya da maimaita maganar nan ba. A Iskandariyar wancan zamani cikakkiyar fuska ita ce kyau, idan aka ce yarinya kamar wata ɗan daren sha huɗu to an gama yabonta. Kowace safiya Ni'imat takan tallabo kumatun 'yarta da tafin hannu biyu, ta ɗan jijjiga su, ta ce, "Watana ya fito." Tana yi tun yarinyar na rarrafe, kuma ba ta daina ba har Nirmin ta haura arba'in.

Rayuwar Nirmin ba ta da wani dogon labari. Ubanta direban tarago ne, ya rasu shekarar da ta gama sakandare. Yayanta Shirif ya tafi Kuwait neman abinci, ya zama murya a waya duk ranar Juma'a. Ita kuwa ta samu aiki a wani babban kanti kusa da tashar Raml, a teburin turare da kayan kwalliya, ta tsaya a bayan gilashin nan sama da shekara ashirin. Ta taɓa aure. Mijin ya ce ta zaɓa, ko shi ko kullum zaryar gidan uwarta, ta kuwa zaɓa ba tare da ta kwana tana tunani ba. Ta kwaso akwatinta ta dawo hawa na uku, ɗakin da aka haife ta.

Sai ciwon suga ya fara cin Ni'imat a hankali. Ya fara ɗauke idanu, kunne ya yi nauyi har muryoyin mutane duk suka zame mata iri ɗaya, daga baya tunani ya soma yoyo. Wata rana ta san shekarar da ake ciki, wata rana tana jiran mijinta ya dawo daga aiki. Abu ɗaya ne ya rage wanda ta yarda ba ya yi mata ƙarya, hannunta. Duk wanda ya matso da cokali ko allurar suga sai ta laluba fuskarsa tukuna. Idan tafinta ya cika da kumatun nan, sai ta yi murmushi ta ce watanta ya fito, ta buɗe baki. Idan ba su ba ne, ta datse haƙora ke nan, ko da limamin masallacin Abul Abbas ne ya zo da kansa. Ummu Tarik, maƙwabciyarsu da ke zama da ita da rana, ko ruwa sai ta yi ta lallashi.

"Tsohuwar nan ta mayar da ni ɓarauniya," in ji Ummu Tarik tana dariya. "Shekara talatin muna shanya a igiya ɗaya, yau wai guba zan ba ta. Ke dai Allah ya bar miki kumatunki, su ne abincin gidan nan."

Haka kuwa abin yake. Da safe kafin ta fita Nirmin za ta ba ta waken ful da gurasa da shayi mai madara, ta yi mata allura. Da yamma ta dawo ta sake. Ran tsohuwar yana rataye ne a fuskar 'yarta, kuma kowa a gidan ya san haka, har ita Nirmin ɗin. Wannan ne abin da ke ƙona mini rai a labarinta. Ta sani sarai, amma ba ta taɓa haɗa shi da abin da ta je ta yi ba.

A shekarar ne aka kawo sabuwar shugaba kantin, Madam Gihan, mace mai magana kamar tana ba ka kyauta alhali yanka ka take yi. Ta zo da 'yan mata sababbi, dukkansu fuska siririya, haɓa a tsaye, kai ka ce gida ɗaya aka ƙera su. Wata rana ta tsaya gaban teburin Nirmin ta ƙare mata kallo.

"Nirmin, masoyiyata, ke fa tarihin kantin nan ce. Amma mace ta zo sayen man ɗame fata, ta ɗaga kai ta ga kumatun mai sayarwa sun fara gangarowa, me kike so ta ce a ranta?"

"Ta ce man bai kai can ba tukuna, Madam."

'Yan matan suka tuntsire da dariya, Madam Gihan ba ta yi ba. Ta ce azumi na tafe, kasuwar salla ba ta wasa ba ce, kuma sito na ƙasa yana bukatar mutum mai gaskiya. Duk wanda ya yi aiki a kantin ya san sito shi ne zauren fita. Sannan ta rage murya ta ba ta shawara irin ta 'yar'uwa: akwai na'ura yanzu, ba wuƙa ba allura, zama ɗaya fuska ta tsaya.

Nirmin ta je wani asibitin fata a unguwar Sumuha. Likitar, yarinya ce mai natsuwa, ta zana mata layuka a fuska da farin fensir, ta shafa mai sanyi, ta yi mata bayani. Na'urar tana tara wani sauti ne wanda kunne ba ya ji, ta harba shi ɗigo-ɗigo can ƙarƙashin fata har wurin ya yi zafi, kitse ya narke, fata ta tsuke. Nirmin ta ji zafin har cikin haƙoranta, ta damƙe gefen gado tana salati. Da aka gama likitar ta ce, "Kada ki tsaya gaban madubi kina jira. Aikin a hankali yake fitowa, sai nan da wata uku. Kuma kada wani ya sake taɓa fuskar nan kafin shekara."

Wa zai gaya wa macen da aka nuna wa ƙofar sito ta yi haƙurin wata uku? Makonni suka wuce, madubi bai ce komai ba, Madam Gihan kuwa kullum sai ta wuce ta ɗaga gira. Har an fara rataye fitilun azumi a tituna. Sai Nirmin ta ji labarin wata mai gyaran gashi a bayan kasuwa da ta sayo irin na'urar ta ajiye a ɗakin ciki.

Ranar da ta je, shagon cike yake da matan unguwa, wasu kai cikin injin busar da gashi, kunnuwa kuwa a waje. Mai shagon ta tambaye ta da ƙarfi, tun daga bakin labule, "Kin taɓa yi a wani wuri?"

A garin nan mace za ta iya gaya maka sirrin mijinta, ta gaya maka abin da surukarta ta yi mata, amma ba za ta taɓa yarda a gaban mata cewa an taɓa fuskarta ba. Kowacce da ruwan kokwamba da barci da wuri take ado. Nirmin ta ga matar mai kantin magani ta juyo, ta ga ƙanwar Ummu Tarik ta ajiye mujalla.

"Ni? Allah ya kiyaye. Fuskar nan ko hoda sai da salla."

"To madalla, sabuwar gona," in ji mai shagon. "Irin kumatun nan naki ba sa jin wasa, sai an ƙure musu." Ta murɗa na'urar har ƙarshe, ta bi ta kan wuraren da aka riga aka ƙona.

Da farko yabo ya yi ta zuwa. Tsakiyar azumi fuska ta fito, haɓa ta tsaya, Madam Gihan ta sumbace ta a kumatu biyu ta ce ga Nirmin ta dawo budurwa. Amma narkewar ba ta tsaya inda aka so ba. Aikin farko ya iso, na biyu ya hau kansa. Ƙasusuwan fuska suka fito, ƙarƙashinsu ya lotsa, gefen ido ya zurma. A gida kuma hannun tsohuwa ya fara daɗewa a kan fuskar. Takan laluba, ta koma ta sake lalubawa, ta ce, "Azumi ya ramar min da ke," sannan ta buɗe baki da ƙyar. Nirmin ta lura. Tsoro ya shige ta, ta yi ta addu'a abin ya tsaya haka nan.

Bayan salla da 'yan kwanaki, da safe, ta durƙusa gaban gadon da kwanon ful kamar kullum. Ni'imat ta miƙo hannu biyu. Yatsunta suka faɗa cikin ramin kumatu, suka bi ƙashi har kunne, suka dawo. Sai ta janye hannun ta goge a zanin gado.

"Wace ce ke?"

"Mama, ni ce. Nirmin."

"Ƙarya kike. Ina kika kai mini 'yata?"

"Mama, wallahi ni ce. Ba ni ce na fasa miki tulun turaren Baba ba, kika bi ni da silifa har ƙasan bene?"

"Ita ta ba ki labari. Tashi daga gabana, mai fuskar gawa."

Ummu Tarik ta shigo ta rantse da Alƙur'ani, ta rantse da kabarin mijinta. Tsohuwa ta ce daman ta san bakinsu ɗaya. Shirif ya yi ta ihu a waya daga Kuwait, uwar ta ce a kashe rediyon nan. Ta juya fuska bango. Ranar ba ta ci ba, washegari ta kurɓi shayi kaɗan daga hannun Ummu Tarik don ƙishi ya ci ƙarfinta. Allura kuwa sai sun danne ta su biyu, tana kururuwa tana kiran Nirmin ta zo ta cece ta, Nirmin ɗin na riƙe da hannunta tana kuka.

Ta koma wurin likitar Sumuha, wannan karon ta faɗi gaskiya duka. Likitar ta daɗe tana taɓa fuskar. Daga baya ta ce kitsen da ya narke ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Ana iya cika wurin da allura, amma ba yanzu ba, sai naman ciki ya huce, watanni masu yawa nan gaba.

"Dakta, uwata ba ta da watanni. Ba ta cin abinci."

"Ki yi haƙuri, Madam. In na sa miki yanzu, ɓarnar za ta fi haka."

Nirmin ta koma cin kayan zaƙi da maiƙo, su basbusa da fatira da zuma, ba ji ba gani, ko kumatun za su tausaya. Ƙibar ta sauka a ƙugu da cinya, fuska ko gezau. A kanti Madam Gihan ta kira ta gefe, murya cike da tausayi, ta ce masu saye suna tambaya ko ba ta da lafiya ne, gara ta ɗan huta a sito har ta murmure. Nirmin ba ta ko yi musu ba. Teburin da ta ƙona fuskarta a kansa ya fita daga ranta ƙaf, tunaninta yana kan wuyan hannun uwarta da ke ƙara sirancewa kullum.

A sito ne, tana buɗe kwalin audugar goge kwalliya, ta tsaya da ƙunshi ɗaya a hannu tana kallonsa. Ta sa shi a jaka.

Da safe ta dafa ful ta zuba man zaitun da lemon tsami yadda tsohuwar ke so. Ta tsaya gaban madubin banɗaki ta jiƙa audugar, ta dunƙula, ta tura cikin kunci na dama, ta tura na hagu, ta ƙara, ta ƙara, har fatar ta miƙe leɓunanta suka kasa haɗuwa sosai. Abin da ta gani a madubi ba kyan gani, amma ba don ido aka yi shi ba. Ummu Tarik da ta gan ta ta dafe ƙirji, ta buɗe baki za ta yi tsokana, sai ta fasa, ta koma kicin tana share ido.

Nirmin ta durƙusa gaban gado, ta kamo hannuwan uwarta ta ɗora a fuskarta. Yatsun suka yi tsai, sannan suka fara tafiya. Tafin hannu ya cika. Tsohuwar ta ɗan matsa, ta ɗan jijjiga da ragowar ƙarfinta.

"Watana ya fito," ta ce. "Ina kika shiga, 'yar nan? Kika tafi kika bar ni da wata mata, busasshiya, kullum tana soka mini allura tana cewa ita ce ke. Na ƙi cin abincinta. Ke nake jira."

Nirmin ta so ta ce Mama. Audugar ta cika mata baki, in ta motsa harshe za ta zame, kumatun su faɗa a hannun uwarta.

"Ki kore ta, kin ji? Kada ta sake shigo mini gida."

Nirmin ta gyaɗa kai a cikin tafin hannun.

"To me ya sa kika yi shiru? Fushi kike da ni? Yi mini magana mana, na yi kewar muryarki."

Nirmin ta girgiza kai. Hawayenta ya gangaro ya jiƙa yatsun tsohuwar, ita kuwa ta share mata da babban yatsa, ta ce shi ke nan, ya wuce, ai ga shi ta dawo. Sannan ta buɗe baki, Nirmin ta ɗebo ful ta kai mata cokali.