Rigimar Wace Ce Muguwar Cikin Labarin

Wata rana na isa zaman karatunmu na ƙarshen wata a Zariya a makare, na tarar rigima ta riga ni shiga.

"Ni ce!"

"Ke a wa? Wallahi ni ce!"

Dattijai mata biyu, kowacce ta ci ɗamara da mayafi. Mai gurmi ya rungume gurminsa ya maƙale a lungu.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba: marubuta ne ke karanta abin da suka rubuta, mai gurmi ya ɗan kaɗa a tsakani, a sha zoɓo, a watse kafin magariba.

Ranar nan, kafin in iso, wata yarinya, Rumasa'u, ta karanta labarinta na farko. A kan wata mata ce mai kulle firij da kwaɗo, mai shinshina hijabin 'yan gida don ta ji inda suka je. In ta yi baƙo sai ta karkace baki, ta hanci: "Ayya, ai da ka ce za ka zo, da an dafa da kai."

Aka yi ta dariya har da buga benci.

Abin da Rumasa'u ba ta sani ba, Gwaggo Tasalla da ke riƙonta tana layin baya, ita da aminiyarta Hajiya Ladidi. Kiɗa suka jiyo daga titi suka shigo. Sun ɗauka biki ne.

Gwaggon nan kuwa ita ke ba da izinin fita. In ta ce a'a, Rumasa'u da zaman karatu sai a mafarki.

Yarinya na tsaye, takarda a hannunta. Ni na kasa zama, na kasa fita.

Hajiya Ladidi ta bugi ƙirji. "Kulle firij nawa ne, Tasalla! Ni na koya miki!"

"Shinshina hijabi fa? Ke da mura ba ta barinki, da wane hancin?"

Gwaggo ta juyo. "Ke Rumasa'u. Faɗa mata."

"Gwaggo... ba kowa ba ce. Ƙirƙira ce kawai."



Na zaci Gwaggo za ta huce. Sai na ga idonta ya ciko.

"Ƙirƙira? Tun kina rarrafe nake miki faɗa. Muryata ta dushe a kanki. Yau an zo shiga littafi, ki ce ba ki san ni ba?"

Rumasa'u ta ce, "Ke ce, Gwaggo."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"KE CE!"

Tafi raf raf raf. Mai gurmi ya samu ƙarfin hali ya saki kiɗa.

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Wata mai zuwa tare za mu zo. Kuma ki gyara, kwaɗo biyu ne a firij ɗin."

Hajiya Ladidi ta suri jaka. Mai gurmi ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. In miki waƙa?"

"Riƙe waƙarka. Ni ma jikata tana aji uku. Gulmar ta iya, rubutun ne ya rage."



Darasi: Mutanen da suka raine mu, wani lokaci ba yabo suke jira ba. So suke su san mun lura da su, har da halin nasu. Wanda kake ɓoye wa rubutunka, ƙila shi ne zai fi kowa jin ciwo in babu shi a ciki.

Tura wa marubucin gidanku. In kuma ke ce mai kwaɗon, Gwaggo, tura wa aminiyarki kafin ta ce ita ce.