Zaman Dutse da Shanun Bafulatanina

Ni tun tasowata bakina ne gonata. Dillancin dabbobi na yi, daga kasuwar Kazaure zuwa Babura, har Gwiwa idan ta kama, kuma dillalin da bai iya surutu ba gara ya koma ya riƙe fartanya. Boko kuwa leƙa shi na yi ta taga, malamin ya dube ni, na dube shi, muka yafe wa juna. Saboda haka da kaina ya dinga sarawa bara waccan, ina miƙewa jiri na ɗibata, aka kai ni asibitin garinmu, abin da na sa rai shi ne allura.

Malamar asibitin yarinya ce, sa'ar autata. Ta ɗaura min abin awo a dantse, ya matse ni, ta dube shi, ta dube ni.

"Baba, jininka ya hau. Ga ƙwayoyi, kada ka yi fashin sha. Sannan kullum da safe ka sami wuri ka zauna shiru. Ba rediyo, ba goro, ba hira. Ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali, ka bar hankalinka a kansa."

"'Yata, numfashin nan tun ba a haifi babanki ba nake yinsa."

"To yanzu a zaune za ka yi shi, Baba, baki a rufe."

Na fito ina zarginta. Na ce ko dai allurar ce ta ƙare, ko kuwa tsohuwata, uwar 'ya'yana, ce ta riga ni zuwa suka haɗa baki don a huta da ni a gida. Har yau ban wanke tsohuwar ba, don ina cikin ba ta labari, ban ko kai ƙarshe ba, ta ce, "Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka."

Daga nan na wuce wurin limaminmu, gudun kada a sa ni bautar wasu ban sani ba. Ya ce ai tunani a kan halittar Allah ibada ce, in haɗa da tasbihi, numfashi na fita zikiri na bin sa.

"Sai dai in an yi maka sallama ka amsa, wannan wajibi ne."

"Allah Ya gafarta Malam, in ba sallama ba ce fa?"

"Sauran zance bai zama dole ba."

Na riƙe wannan fatawa kamar yadda nake riƙe igiyar sa mai faɗa.

Na fara a zaure, abin ya ƙi. Mai neman aron gatari, mai tambayar kuɗin rago, ga kaji. Sai na koma kan wani faffaɗan dutse a bayan gari, ta hanyar Roni, inda kake hango burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Kwanakin farko azaba ce. Ina rufe ido sai in gan ni a kasuwa ina taya akuya. Bayana ya yi ƙaiƙayi, ƙafa ta yi sanyi, amsoshin gardamar da aka kayar da ni tun ina saurayi duk suka zo a lokacin da ba su da amfani. Amma a hankali na fara jin abin da ban taɓa ji ba: iska a cikin karan dawa, kukan kurciya, da bugun ƙirjina yana sassautawa. Nakan zauna kamar tsawon dahuwar shayi biyu, tasbaha a hannu, in sauko kaina sakayau.

To akwai wani Bafulatani, amini na tun muna samari. Mu asalinmu Barebari ne, kakana daga gabas ya zo, ga zanen nan a fuskata, kuma kowa ya san tsakanin Babarbare da Bafulatani wasa ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Mutumin nan bai taɓa haɗuwa da ni bai tsokane ni ba, ni ma ban taɓa barinsa ya tafi da ita ba. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya riga kowa shiga kabarin ya karɓe shi. Matarsa ce ke kawo mana nono, shanunsa kuma ni nake sayar masa.

Wata safiya ina kan dutse, ido a lumshe, na ji takun shanu, na ji muryarsa daga ƙasa.

"Kai bawana! Me ya kai ka can? Ko biri ne ya ba ka aron gidansa?"

Wallahi amsa ta taso min har maƙogwaro, mai kyau, irin wadda ake samu sau ɗaya a shekara. Na tuna malamar asibiti, na tuna liman. Wannan ba sallama ba ce. Na haɗiye, na ci gaba da jan tasbaha.

"Babarbare! Da kai nake!"

Shiru. Shanu suka wuce. Na sauko ina yaba wa kaina, ina cewa lallai na fara zama mutumin kirki.

Washegari ya sake, na sake haɗiyewa. Daga nan ya riƙa wucewa bai ce komai ba. Can kuma na daina jin shanun gaba ɗaya, sun canza hanya. Ƙwaryar nono ta daina shigowa gidana. Ranar kasuwa na nufi inda Fulani ke tsayawa, ina isowa suka juya hira zuwa Fulatanci, ba wanda ya miƙo min igiyar dabba in sayar masa. Na zargi wani dillali abokin hamayyata, na zargi maƙwabcina, har na fara yi wa tsohuwata kallon gefe. Ita ce kuwa ta kawo min labarin, daga bakin rijiya.

"Malam, ka san abin da ake faɗa? Wai shanu kake ƙirga wa ɓarayi."

"Ni?"

"Kai fa. Dillali, wanda ya san kuɗin kowace saniya, ya hau dutse yana kallon burtali, leɓe na motsi, tasbaha na tafiya. Abokin wasanka ya kira ka, ka yi kamar ba ka san shi ba. In kai ne me za ka ce?"

Gaskiya in ni ne, abin da zan ce ke nan, har in ƙara gishiri. Lokacin ana ta jin labarin satar shanu daga yamma, kuma kowa na cewa da ɗan gari akan ci gari.

Bayan la'asar na hau acaɓa zuwa rugarsu. Na yi sallama, ya amsa cikakkiya, ya shimfiɗa min tabarma da kansa.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya iyali?"

Tun da muke bai taɓa ce min Malam ba. Ya tambayi gona, ya tambayi lafiya, ya sa aka kawo min ruwa a ƙoƙon baƙi. Da ya ɗauko sanda ya rafka min da ya fi min sauƙi.

Na kwashe labari na faɗa masa, tun daga abin awo har fatawar liman. Yana saurare yana zane ƙasa da tsinke.

"Malamar ce ta ce sai dutsen da ke kallon shanuna?"

"A'a, wannan ni na zaɓa."

"Liman ne ya ce kada ka amsa min?"

"Ya ce sallama ce wajibi."

"To." Ya jefar da tsinken. "Da aka fara zancen ƙirga, ni na hana. Na ce wannan ko 'ya'yansa bai iya ƙirgawa ba. Amma Babarbaren da za a ce masa bawa ya yi shiru, har sau biyu, wannan akwai abu a cikinsa. Ban taɓa gani ba, ubana ma bai gani ba."

Sai na ji abin nan da na haɗiye tun ran farko yana nan daram a maƙogwarona.

"Birin da ka tambaya," na ce, "shi ya bar min gidan. Ya ce zai zo ruga gaida dangi, ya ga ma ya fi kowa ƙiba a nan, sai ya zauna."

Matarsa da ke bayan bukka ta fashe da dariya. Shi bai yi ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Gobe zan zo in ga wannan magani da idona, bawan banza."

Ya zo kuwa, da sandarsa. Abu na farko, ya kama kafaɗata ya juya ni, bayana ga burtali, fuskata ga gabas. Ya ce in numfashi nake saurare ba sai na ga saniya ba. Sannan ya zauna a gefena, ya ɗora sandar a cinya.

Yanzu haka muke yi. In ya iso sai ya zage ni, in rama, sannan mu yi shiru. Shanu sun dawo hanyarsu, igiya ta dawo hannuna a kasuwa. Malamar ta ce jinin ya sauka, ban sani ba ko ƙwayoyin ne, ko zaman, ko zagin safe. Shi yana cewa gadina yake zuwa yi, amma na lura numfashinsa ya fara tafiya tare da nawa. Wani lokaci nakan buɗe ido ɗaya in duba ko ya rufe nasa, sai in tarar shi ma ɗaya ya buɗe.

Nono ma ya dawo. Sai dai ina ganin kamar ya fi na da ruwa, kuma ina nan ina bincike.