Ƙaramin Farantin Ubale

Ranar da Ubale ya fara fita da takunkumi, saura kaɗan a kira masa 'yan sanda. Wata Juma'a ce a watan Nuwamba na 1977, mun taso daga salla muka nufi shagon kifin Mis Odessa kamar yadda muka saba. Ni na tsaya neman wurin ajiye mota, shi kuwa da yake Bazazzagi ne, in an ce abinci ba ya jiran kowa, sai ya yi gaba. Ya tura ƙofa sanye da doguwar kwat baƙa, hula ta sauko har gira, farin ƙyalle ya rufe hanci da baki, ido kawai ake gani. Ya nufi kanta kai tsaye, ya cusa hannu a aljihun ƙirji zai ciro takardar likita ya yi wa matar bayani.

Mis Odessa ta ɗaga hannu biyu sama, da cokalin suya da komai. Wani tsoho ya shige ƙarƙashin tebur, bai manta da farantinsa ba. Ubale da ya ga haka sai ya ce a ransa lallai ɗan fashi ne ya biyo shi. Bai ko waiga ba, shi ma ya ɗaga nasa.

Haka na shigo na same su, ita hannu sama, shi hannu sama, suna kallon juna, kifi yana ƙonewa a kasko.

Na ce, "Malam Ubale, wa ke yi wa wa fashi a nan?"

Ya ce ta cikin ƙyallen, murya ƙasa-ƙasa, "Dabo, yi shiru, yana bayana."

Na ce, "Ni ne a bayanka."

Da aka gane juna, Mis Odessa ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gari. Ta karanta takardar, ta ce ai ba komai, amma don Allah nan gaba ya riƙa yin magana tun daga bakin ƙofa. Daga baya ta sa aka kwafi takardar ta manne ta a bango kusa da kanta, saboda baƙi.

Ubale Daso maƙwabcina ne a unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa, shingen waya ne kawai tsakaninmu, kuma ni Bakano ne, saboda haka hakkina ne in tsokane shi safe da yamma. Tela ne tun daga Zariya. Ya biyo yayansa da ya zo karatu, yayan ya gama ya koma, shi ya ce bari ya ɗan huta tukuna. Hutun ke nan har yau. Ya samu aiki a wata masaƙa da ke saƙa yadin wandon jins, ya ɗauko matarsa Zainabu, ya sa keken ɗinki a falo, duk wani mutuminmu da wando ya yi wa tsawo a garin nan ya san ƙofarsa. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Shi kaɗai na sani da ke goge hankici.

Ƙurar audugar masaƙar ce ta kama masa ƙirji. In ya yi numfashi sai ka ji kamar ana busa sarewa a ɗaki na gaba. Likita ya ce asma ce, ya rufe hanci a wurin aiki, da duk inda ake busa taba, da cikin taro in lokacin mura ya zo. To shagon Odessa kuwa hayaƙin taba ya fi na kaskon yawa.

Turawa da baƙaƙen garin ba su dame shi ba, kallo ɗaya suke yi su karanta takardar bango su ci gaba da cin abincinsu. Mu ne matsalar.

Mu shida ne muke haɗuwa duk Juma'a. Kifi muke ci don ba mu san wanda ya yanka naman garin ba. Tun farko mun koya wa Odessa cewa ba ma son faranti shida, ta juye komai a babban tire ɗaya, kifi da dankali da ƙosan masararsu, mu wanke hannu mu kewaye shi. Da fari tana tsayawa kallo, daga baya ta saba, da ta hango mu sai ta ɗauko tiren. Babbanmu Malam Abdulhamid ne, yana digiri na uku a kan ƙasar noma, shi ke fara sa hannu, shi ke raba kan kifi.

Juma'ar da ta biyo bayan fashin, tire ya zo, sai ga ƙaramin faranti a gefensa. Malam Abdulhamid ya zaɓi kifi mai kyau ya ɗora a kai, ya tura gaban Ubale.

"Don ka ji daɗin ci, Malam Ubale. Ka ga da wannan abu na fuskarka, miƙa hannu zai yi maka wuya."

"Ai ba a hannu na ɗaura shi ba, Malam."

"Duk da haka."

Ba wanda ya furta sunan ciwon, amma kowa tarin tibi yake tunani. A gida in ka ga an rufe wa mutum baki an ware masa kwano, ka san zancen. Ni kaina, da nake ta kiransa Sarkin Takunkumi ina tambayarsa ko cizo ya fara, na ɗan ja kujerata baya. Taƙi ɗaya ne kawai, amma ya gani.

Ubale bai yi musu ba. Yana da tsarinsa na cin abinci a waje, kuma bai taɓa karya shi ba. Sai abinci ya sauka yake kwance takunkumin, da hannun hagu, ta igiya. Ya ninke shi ya sa a ambulan ya mayar aljihu, ba ya taɓa ɗora shi a tebur. In tari ya taso masa sai ya ce a gafarce shi, ya fita waje ya gama ya dawo. Yana gama ci ya wanke hannu ya mayar da abinsa, sannan a ci gaba da hira. Mu masu lafiyar kuwa atishawa muke yi a kan tiren mu ce alhamdu lillahi.

Ya kai wa Malam Abdulhamid takardar har gida. Malam ya sa tabarau ya karanta ta sau biyu, ya ga inda likita ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ciwon ba a ɗaukarsa, ya ninke ya ce, "Madalla. A dai ci gaba da yin hattara." Juma'a ta zo, ƙaramin faranti ya zo.

Wata Asabar da hantsi yana shanya takunkumansa a igiya, guda bakwai, kowace rana da nata, na leƙa ta kan shinge na ce ashe an yi haihuwa a gidan ba a gaya mana ba, ga bantunan jariri. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Dabo, kana tsammanin kifin Odessa ne ke kai ni can? Zainabu ta fi ta iya suya nesa ba kusa ba. Kwana shida ina cin abinci a masaƙa ni kaɗai a kan benci, kowa da ledarsa. Tiren nan nake zuwa."

Na bar shingen na koma cikin gida, maganar tana bina. Amma kar ku ɗauka na gyara. Juma'a na sake zama inda na saba zama.

Cikin Fabrairu sai ga wata mura da ake kira murar Rasha. Ta fara da ɗaliban jami'a, ta bi bas ta shigo Glenwood, ta bi mu gida-gida. Ni kwana biyar ban san gabas ba. Malam Abdulhamid ya kira matarsa ya fara wasiyya a kan littattafansa. Mu biyar duk muka kwanta, da iyalanmu. Ubale kuwa ko atishawa. Ko ƙyallen ne, ko murar ce ta ga Bazazzagi ta ce ba ta son rigima, Allah ne masani.

Ya tuƙa motata, da ba ta tashi sai an roƙe ta, har ƙauyen McLeansville wurin wani manomi, ya yanka kaji da hannunsa. Zainabu ta yi farfesu da kunu mai citta, shi kuma in ya taso daga aiki ya ɗaura takunkumi ya bi gidajenmu da tukunya. Ni har ɗaga min kai ya yi ya ba ni a baki. Na ce masa gishiri ya yi kaɗan, ya ce to alhamdu lillahi, na fara warkewa.

Yau shekara goma ke nan. Ya bar masaƙar ya buɗe ɗan shagon gyaran tufafi, ƙirjin ya yi sauƙi, takardar Odessa ta yi ja a bango amma ta hana a cire. Hannunsa kuwa yana cikin tiren duk Juma'a, har ya fi na kowa sauri. Sai dai ranar da aka mayar da shi kan tiren ba yadda muka tsara aka yi ba.

Juma'ar farko da muka iya fita bayan murar nan, muka je muna tangaɗi, hanci ja, kowa da guntun tarinsa. A bakin ƙofa Ubale ya tare mu ya raba mana takunkumi, ya ce kar mu zuba wa matar mutane ciwo a shago. Da ragowar atamfar Zainabu ya ɗinka su. Malam Abdulhamid, mai digiri kusan uku, ya shiga da furanni ja da ɗorawa a baki. Odessa ta dube mu ta ce yau ko fashin ne ma ba za ta ɗaga hannu ba.

Tire ya sauka, ƙaramin faranti a gefensa kamar kullum. Malam ya yi gyaran murya, ya ɗauki farantin ya miƙa wa Odessa ya ce ta tafi da shi, ba a bukatarsa daga yau. Ya tura tiren gaban Ubale da hannu biyu.

"Malam Ubale, mun yi kuskure, ka yafe mana. Bisimilla, kai za ka fara."

Ubale ya kwance takunkumi da hannun hagu, ya ninke, ya sa a ambulan, ba gaggawa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, muna jan hanci muna naɗe hannun riga. Sai ya jawo tiren ya rungume shi, ya kira Odessa ya ce ta dawo da farantin nan, ta ƙaro huɗu.

Na ce, "Haba Malam Ubale, ba an yafe ba?"

Ya ce, "An yafe mana, Dabo. Don ku ji daɗin ci ne. Amma duk mai takardar likita a cikinku, ga tire, ya sa hannu."