Ruwan Batir a Salgar Tasha

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ina aikin duba-gari tsakanin Rano da Kibiya. Tsarina ba ya canjawa: in fara da mahauta, in bi kwatoci, in ƙare a salgar wata 'yar tasha inda motocin Kano ke lodi.

Direbobin wurin suna da al'ada. Da salga ta fara wari sai su juye mata tsohon ruwan batir da baƙin mai. Warin yakan kwanta na ɗan lokaci, kowa ya ce an yi magani. Na hana, ba a ji ba.

Ana gobe kasuwa na haska tocila ta bakin ramin. Ruwan batir ya sa ƙarƙashin daben simintin ya zagwanye, rodin da ke riƙe da shi duk tsatsa, wani ya siririce kamar tsinke. Gobe mutanen Tarai da Durba za su cika tashar, tsofaffi da mata masu goyo, kowa a kan daben nan zai tsuguna, ramin kuwa ya fi tsayin mutum.

Na samu sarkin tasha, dattijo mai ƙiba da son raha, yana kishingiɗe a benci.

"Malam duba-gari, an zo shaƙar rabo?"

"Alhaji, salgar nan zan rufe da kwaɗo yau."

"Ka rufe su je ina, gidanka? Mai zuba magani ai yabo ake masa."

Na jera masa: a rufe, a sake dabe, a sa bututun iska, a koma zuba toka da farar ƙasa. Ya yi dariya ya miƙe, ya ce in biyo shi in ga ƙarfin siminti. Na roƙe shi kada ya hau. Ya tattare babbar riga, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya dira ƙafa ɗaya a kan daben.

Gefen ya ɓalle. Muka ji faɗuwar simintin can ƙasa, tare da takalmin Alhaji. Na riƙo hannunsa, na janyo shi baya.

Ya kalli ramin, sannan ya ce, "Kwaɗon yana wurinka?"

Na miƙa masa. Da kansa ya kulle, ya koma benci da takalmi ɗaya.